Buga Weji a Tsakiyar Teku

Kuɗin motar da nit tahi Ikko da su, tunkiyar Inna ce. Wata baƙa mai farin goshi, wadda ke bin ta har bakin rijiya kamar ɗiya. Shekarar nan ce da ba mu noma gonar daji ba saboda masu bindiga, ɗan abin da munka samu bayan gari kuwa ko bazara ba za shi kai mu ba. Ranar kasuwar Shinkafi Inna tas sa anka ja tunkiyar. Ba ta ko hito ta gani ba, tana ɗaki tana yi wa kaji faɗa. Da yamma tam miƙo mani ƙullin leda tac ce, "Labbo, ga ƙafa na ba ka. Saura hankali, shi kam ba a sai da shi kasuwa."

Kai Sanusi, ja bencin ga cikin inuwa ku zauna. Tunda kai da ƙannenka kun ƙudurta da an ɗaure gero za ku tahi ci-rani, gara ku ji daga bakin kawunku, kada ku ji daga bakin 'yan tasha.

Da nib bar garinmu Turba, motar shanu nih hau daga Isa, bisa katakon nan na sama, iska na mari na, ƙahoni na jira na ƙasa. Ban yi barcin kirki ba har munka isa. Wanda yat tarbe ni Ila ne, abokina ɗan Gatawa, shina gadi a wani wuri bakin ruwa inda masu hali ke aje jiragensu. Yak kai ni ɗakin da shike haya, yan nuna mani wani gajeren tsoho mai tumbi, yac ce, "Ga lanlodi." Ni na ɗauka sunanshi ke nan. Nid durƙusa nic ce, "Malam Lanlodi, mun same ku lahiya?" Ila yaj juya baya kafaɗunshi na rawa. Ashe mai gida suke nufi. Sunan mutumin Baba Rasaki.

Da safe Ila yaj ja ni wurin aikinsu ko a samu na lebura. To ni, ku sani, iyakar jirgin da nis sani kwalekwalen da ke ƙetare gulbi da damina, shi ma ido rufe nike shiga. Wanga kuwa da nig gani gida ne guda, da ɗaki, da gado, da murhu, har da makewayi, an ɗora shi bisa ruwa. Tsakiyar kowane jirgi wani dogon itace ya miƙe sama kamar giginya, an ɗaɗɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta ko'ina. A jikinshi ake ja wani ƙaton ƙyalle, iska ta cika shi, jirgi shi tahi ba fetur ba gas. Nic ce, "Ila, wato iskar da muke zagi tana kwashe mana jinka, nan ita ce direba?"

Mai gyaran jiragen wani dogon tsoho ne mutumin Gana, Baba Kwami. Kusa da zangon Hausawa yat tashi, don haka shina jin Hausa, amma Hausarshi babu mace ciki. Matarshi "ya dafa", akuya "ya haihu". Yad dube ni sama da ƙasa, yam miƙo mani bokiti da soso yac ce, "Je ka wanke mas."

Ni Masta nis sani, irin na makarantar boko. Nid duba nid duba, sai ga wani ƙato da farar riga zaune bisa kujera shina karanta jarida. Nij je nid dire bokiti gabanshi nic ce, "Ranka shi daɗe, an ce in wanke ka."

Allah ya so bai ji Hausa ba. Baba Kwami kuwa sai da yaz zauna ƙasa don dariya, hawaye na zuba. Da yas samu numfashi yan nuna mani dogon itacen nan, an kwantar da shi bisa gammo, yac ce, "Wancan ne mas. Kai, ba za ni bar ka ka tahi ba. Na daɗe ban yi dariya haka ba." Da wannan nis samu aiki. Wasu takarda ke ba su, ni wauta tab ba ni.

Jirgin da muke gyara na wata mata ce, Madam Bisi, likitar yara da ta aje aiki. Na ubanta ne. Tun tana ƙarama shike ɗaukar ta ciki su hita teku, da yar rasu kuwa jirgin yay yi shekaru kwance ƙarƙashin tamfol, ɓeraye na aure ciki. 'Yan'uwanta sunka ce ta sayar ko a yi itacen wuta. Tac ce sai ta sake kai shi teku da hannunta, ko sau guda, kafin gwiwoyinta su ƙi. Kullum tana zuwa da wandonta da hular kaba, ta ɗauki sanfefa ta zauna cikinmu tana gugar katako. Kanta fari fat, amma hannunta ya hi nawa sauri.

Yanzu ga inda aikin shike, ku saurara da kyau. Mas ɗin nan ba bisa rufin jirgi shike zaune ba. Rufin, wanda ake takawa, dek suke ce mishi. An huda dek, mas shi shiga ta hudar, shi ratsa ɗakin ciki, gindinshi shi zauna can ƙasa bisa ƙashin bayan jirgi. Hudar kuma ta ɗan hi shi faɗi. In anka bar shi haka, duk juyin da jirgi yay yi, mas za shi bugi bakin hudar, ƙwam, ƙwam, har ɗayansu shi fashe. Baba Kwami wuya shike kiran wurin. Yac ce, "Mutum in wuyanshi ya karye, ya gama. Jirgi ma haka."

Nic ce, "To mi ake sa wa?"

Yac ce, "Weji."

Kai, ranar nij ji daɗi! Kalma ta farko a Ikko da nis sani tun gida. Nic ce, "Weji dai na yaran mota, wanda ake jefa wa taya a kan tudu?" Yac ce ɗan'uwanshi ne, sai dai wanga siriri ne, ana fiƙe shi daidai da zagayen mas, a bar mishi kafaɗa ta sama don kada shi zurma ciki. Kuma ba a yin shi da itacen da ya hi mas tauri. Nic ce don mi, ai mai tauri ya hi ƙarko. Yac ce, "In biyu sun yi gardama, dole ɗaya ya haƙura. Gara weji ya haƙura, shi muna da buhu guda. Mas ɗaya ne."

Sai fiƙar weji tash shiga jinina. In mun tashi aiki in kwaso guntayen katako cikin aljihu, in zauna ƙofar ɗaki da wuƙa da kurfi ina ta yi. Ɓawon katako yac cika tsakar gida, ruwan sama yaj ja shi yat toshe kwata. Baba Rasaki yah hito da zane ɗaure a ƙugu, Hausarshi ta 'yan kasuwar shanu.

"Aboki! Ɗaki na ba ka ko shago?"

"Ɗaki, Baba."

"To wane ne wannan ƙwas-ƙwas tun la'asar? Ni yana da hawan jini!"

"Koyo nike, Baba."

"Koyo a gidan ubanka! Kwata ya toshe, ruwa ya shiga kicin, matana yana zagi na!"

Nib ba shi haƙuri, nis sa hannu niy yashe kwatar. Shina ta masifa yaz zauna bisa bencinshi, bencin yag gyaɗa kamar yadda ya saba, saura kaɗan shi kifa. Yad dubi ƙafar bencin. Can yac ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan abin naka, yana yi wa benci?" Nib buga mishi guda a gindin ƙafa. Daga ranar, kujerun unguwar duka sai da sunka zo gaishe ni.

Ranar da anka tsai da mas, ai biki ne. Injin ɗaga kaya yaz zo yaɗ ɗauke shi sama, shina lilo bisa kawunanmu, Baba Kwami na daka tsawa da harshe uku. Ni anka tura cikin ɗaki in tarbi gindin. Ina tsugune ina kallon hudar, sai nig ga hasken rana ya toshe, ga itacen nan shina saukowa a hankali kamar ƙafar raƙumi. Nir rungume shi nis saita shi cikin gurbinshi, yaz zauna, dum. Jirgin duka sai da yay yi ajiyar zuciya. Anka ja wayoyi dama da hagu, gaba da baya, tsohon na kwance rigingine bisa dek da ido guda rufe, shina duba ko mas ya miƙe. Sa'annan yac ce a kawo weji.

Niɗ ɗauki guda nis sa, niɗ ɗaga gudumar katako nis sauke mishi da ƙarfin mai faskare.

"Kai! Maciji kana kashewa?"

"Ai so nike shi kama, Baba."

"Ya kama, dek ya tsage, sai ka kai shi Sakkwato a ɗinke? Cire!"

"Na riga na buga."

"Cire na ce! Hannu kamar na jaki!"

Raina ya ɓaci, har nic ce a zuci za ni aje gudumar in koma gadi wurin Ila. Amma nic cire. Yan nuna mani: in ka sa guda gabas, ka sa ɗan'uwanshi yamma. In ka sa kudu, ka sa arewa. Kowane ka ɗan taɓa shi, ka wuce, ka zagayo ka sake taɓawa, kamar mai raba fura ga yara, har su zauna tare. Kuma ka riƙa saurare. Wanda bai kama ba ƙararshi holoƙo ce, wanda yak kama sai ka ji ƙarar ta bi mas ta hau sama. Da munka gama, munka naɗe wuyan da robar tayar mota, munka ɗaure da zoben ƙarfe sama da ƙasa, munka rufe da tamfol ɗinkakke don kada ruwa shi bi ta nan shi ruɓar da katako. Wai sunan wannan but, wato takalmi. Nic ce mutanen ga ba su da lahiya, wa ke sa takalmi a wuya?

Sai ranar gwaji. Ni ban san da ni za a tahi ba. Madam Bisi tam miƙo mani wata falmaran mai kumburi wadda ke hana nutsewa, tay yi magana, Baba Kwami yaf fassara: "Ya ce wanda ya buga weji, shi zai je ya ji ko ya yi ƙarya." Ila na bakin gaɓa shina ɗaga mani hannu kamar mai rakiyar gawa.

Yara, ban san yadda za ni gaya maku ba. Munka bi ta gaban manyan jiragen kaya, munka hita bakin mashiga, Madam tak kashe ɗan injin, anka ja ƙyalle sama. Yay yi faf, faf, sai yac cika. Jirgin yak kwanta gefe guda kaɗan, yaz zabura. Babu ƙara. Babu hayaƙi. Sai ruwa na tsagewa, shuuu. Ikko da hayaniyarta taz zama ɗan zare can baya. Gaba kuwa babu komi, babu tsallake, ruwa ya tahi ya haɗe da sama. Tsoron da niz zo da shi ban san inda yaf faɗi ba. Sai nij ji ina ihu ni kaɗai, ina dariya. Madam na riƙe da sitiyari, hawaye na bin kumatunta, tana waƙa da Yarbanci. Baba Kwami yas sa kunne jikin mas, yaɗ ɗago yac ce, "Shiru. Wuya ya zauna."

Bayan azahar nig ga gabas ta haɗe. Irin hadarinmu na farkon damina, baƙi ƙirin da farin baki. Su ma sun gani, har Madam ta juya kan jirgi gida, Baba Kwami na rage ƙyalle. Amma ya hi mu sauri. Iskar tad doke mu kamar an turo bango. Sai nij ji tau! kamar harbin bindiga. Ɗaya daga wayoyin da ke riƙe da mas ta gefe ta tsinke daga gindinta, tana bulala cikin iska. Mas yay yi wata irin girgiza, tamfol ɗin wuya yak kece, wejin gefe guda sunka murƙushe, wasu sunka yi tsalle sunka faɗa teku. Sun haƙura, kamar yadda tsohon yac ce. Amma yanzu wuya ya zama wofi ta gefen nan. Sai ƙwam! Ƙwam! Kowane bugu sai ka ji shi cikin haƙoranka. Ruwa kuma na kwarara ɗaki ta hudar.

Madam tam murɗa sitiyari taj juya jirgin don iska ta koma bugun ɓangaren da wayarshi ke da rai. Baba Kwami yak kamo rigata yas sa baki a kunnena: "Ni zan ɗaura igiya madadin waya. Kai wuya! In dek ya fashe, mas zai faɗi ya huda jirgi!" Yaɗ ɗaura mani igiya a ƙugu, yac cusa mani jakar weji cikin falmaran, yat tura ni.

Da ciki nij ja har gindin mas. Ruwan sama na duka ta sama, na teku na duka ta gefe, gishiri cike da baki. Nis sa ƙafafu nik kewaye mas kamar mai hawan dabino. Ga hudar ina gani: in jirgi ya kwanta dama, ta buɗe baki, in ya dawo, ta rufe, gam. Wato sai ka jefa weji lokacin da tab buɗe, ka janye hannu kafin ta cije. Na farko nij jefa, igiyar ruwa tas share shi. Na biyu yash shiga a karkace yat tsage. Sai nij ji muryar Madam ta keto iska. Ita ke ganin igiyar ruwa kafin ta iso, kuma kalma guda ta Hausa ta koya wurin masu gadi. "Yanzu! Labbo, yanzu!"

Nij jefa, nib buga. Ya zauna! "Yanzu!" Nis sake. Wallahi sai abin yaz zama kamar sussuka, ita na ba da amo ni ina saukewa. Ban san sadda nif fara yi wa kaina kirari ba, ina cewa, "Sai ni Labbo na Turba! Gobir gidan faɗa! Ruwa, ba ka san ni ba!" Baba Kwami na can manne da gefen jirgi shina jan igiya da haƙora da hannu, shina ce mani, "Rufe baki ka buga!"

A na kusa da ƙarshe ne hudar tac cije ni. Ku duba ɗan yatsan ga, kun ga kanshi a baje kamar ludayi, farce bai sake hitowa ba. A lokacin ko zafi ban ji ba, jini kawai nig gani ruwa na wankewa. Nib buga na ƙarshe da hannu guda, niz zagaya ina taɓa kowane, gabas da yamma, kudu da arewa. Nis sa goshi jikin mas ina saurare. Ƙwam ɗin nan ta tahi. Sai kukan iska kawai. Nit tuɓe rigata ta ciki nic cusa a wuyan don rage ruwa, nik kwanta nan ina haki ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Hadarin bai daɗe ba, irin nasu ne mai zuwa da fushi shi wuce. Munka lallaɓa da ɗan ƙyalle kaɗan har bakin mashiga, anka tada inji. Madam da kanta taɗ ɗaure mani yatsa, tana yi mani faɗa da Turanci kamar yadda ake yi wa yaro ɗan allura, sa'annan tak kama kaina da hannu biyu tag girgiza. Baba Kwami bai ce sannu ba. Yaj je yad duba wuyan, yad daɗe tsugune, yad dawo yac ce, "Guda ɗaya ya karkace." Sai da munka sauka nig ga ya saya mani gasasshen kihi mai girman hannuna, yac ce wai shi ba ya jin yunwa.

Na ƙara shekaru wurin. Mun sake wayoyin duka, mun sake hita teku ba sau ɗaya ba, har Kwatano mun je. Da gwiwoyin Madam sunka ƙi, ɗiyar ƙanenta tak karɓi sitiyari, ita kuma ta zauna gefe tana ba da umurni. Sai saƙo yaz zo cewa idon Baba mahaifina ya yi rauni, babu mai tsaya wa gona. Niɗ ɗaure akwatin kayan aikina, wanga da kuke gani cikin shagon ga, da ɗan abin da Allah ya hore, nih hau mota.

Na iso Turba da zumuɗi, labari cike da baki. Mutane sunka cika zaure, ina ta zuba, ina nuna yadda jirgi ke kwantawa har ina faɗuwa bisa tabarma. Baba na zaune gefe da tasbaha. Sai da kowa yaw watse yac ce, "Labbo, matso. Wanga ruwa da kac ce babu tsallake, jirgi kuma na juyawa. Ƙaƙa kake gane gabas in lokacin salla ya yi?"

Nic ce, "Baba, akwai wani abu kamar agogo gaban sitiyari mai nuna kusurwa. Matar nan ba musulma ba ce, amma da ta ga na yi alwala sai ta duba shi ta miƙa hannu ta nuna mani gabas. In jirgi ya juya ina cikin salla, ta riƙe shi har in sallame."

Yac ci gaba da jan tasbaha. Can yac ce, "Allah shi saka mata." Sa'annan yal laluba sandarshi yam miƙe. "To, sarkin ruwa, jaki na nan ɗaure. Taki bai kai kanshi gona."